Kwanon Zainabu 'Yar Damagaram

Azumin bana a bakin bazara ya same mu. Goman farko da sauran ɗan sanyin asuba, amma da muka shiga ta tsakiya sai kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas tun da hantsi, ruwan randa ma in ka taɓa sai ka ji kamar an sirka shi. Shekaranjiya da azahar ina surfen wake a tsakar gida, rediyo tana ta bayani a kan ƙarin harajin da ake son ɗorawa a kan kayan da mutane ke saye, sai ga ɗana Kabiru, wanda ke aiki a wani kamfanin leda a Bompai. Ya tarar na tsayar da hannu ina saurare.

"Umma, kwantar da hankalinki. Sun ce abinci ba ya ciki."

Na ce, "Wancan karon ma haka suka ce."

"Wane karon?"

Na koma kan surfena, markaɗe na jirana. Na yi alale irin wanda na koya a wurin mahaifiyata a Gaya: a gwangwanin tumatir, da zoben albasa guda a gindi, in an juye sai zoben ya fito a sama kamar an sa masa hula. Ban yi da yawa ba. Na Nusaiba ne kawai, wata yarinya mai goyo da suka kama haya a gidan da ke jikin namu, mijinta yana lodin tirela a Dakata. Kwanan nan na lura wuyanta ya zurma. Bayan la'asar na miƙa mata ta katanga. Dab da magariba kuma na ɗauki kunu na shiga wurin Hajiya Kulu, maƙwabciyata ta ɗaya ɓangaren, sai na ga alale biyu a cikin kwanon Nusaiba a kan tabarma, kowanne da hularsa ta albasa.

"Kin ga abin da yarinyar nan ta aiko mini? Wallahi ta iya alale," in ji Hajiya Kulu.

Na nemi bakin turmi na zauna. Na taɓa jin irin maganar nan, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce.

Azumi zagayawa yake yi, kuma wancan ma a daidai wannan gaɓar ya faɗo. Lokacin muna wani gidan haya mai ɗaki shida a nan Sharaɗa, bayan katangar masaƙar da maigidana, Allah Ya jiƙansa, yake aiki. Jiniyar kamfanin ita ce agogonmu. In ta yi kuka da safe maza su fita, in ta yi da azahar wasu su dawo wasu su tafi. Kwatar ƙofar gidan yau shuɗiya gobe ja, ya danganta da rinin da aka zubar, in kuma iska ta juyo daga wajen kamfanonin fata, ko abinci kake ci sai ka rufe shi tukuna. Mai gidan wata dattijuwa ce, Iya Tabawa, haifaffiyar Sharaɗa tun tana ƙauye. Takan nuna bututun hayaƙin masaƙar da sandarta ta ce, "Nan tsamiyarmu take. Can kuma nake tsinkar rama."

A shekarar ne aka fara ɗora haraji a kan kayan saye. Ni da na gama sakandare, ni ce mai yi wa matan gidan bayanin abin da rediyo ta ce, kuma da bakina na gaya musu kada su damu, hatsi ba ya ciki. Gaskiya ne, ba a ɗora wa gero ba. Amma geron ba da ƙafarsa yake zuwa daga kasuwar Dawanau ba, kuma ba a cin sa tsura. Sabulu ya hau, sukari ya hau, ashana, tumatirin gwangwani, har batirin rediyon kanta. Abin da harajin ya shafa da wanda bai shafa ba, duk suka bi sahu. Kananzir kuma ya yi wuya, muka koma murhun garin katako, mai sa ido hawaye.

Akwai wani mai tebur a bakin layi, Ɗan Gumel, shi yake shan faɗanmu. Na tuna ranar da Larai, matar ɗakin da ke kallon nawa, ta tsaya masa a ka da sabulu a hannu.

"Ɗan Gumel, ka ji tsoron Allah! Jiya-jiyan nan fa na saya."

"Wallahi Larai ba ni na ɗora ba. Kamfani ya ɗoro wa dila, dila ya ɗoro mini. Ni in ɗora wa wa?"

"To ni fa, in ɗora wa wa?"

"Ke sai ki ɗora wa tukunya."

Muka yi dariya, amma haka ɗin aka yi. Muka koma yanka sabulu gida huɗu da zare. Sukari da ƙwaya, mai da murfin kwalba. Malam, maigidana, ya taɓa ce mini, yana wanke hannu bayan sahur, manajansu katan yake saye sau ɗaya, sauran albashinsa ya je banki ya kwanta inda harajin ba ya ganinsa; namu kuwa kafin wata ya mutu duk ya bi ta kan teburin Ɗan Gumel, babu kwabon da ba a gutsura ba. Ga shi yadi ya daina tafiya a kasuwa, aka rage musu ranakun aiki.

Duk da haka ba mu fasa al'adar kwano ba. Da azumi, kowace mace takan zuba ɗan abin da ta dafa ta miƙa ƙofar 'yar'uwarta, ita kuma ta juye, ta wanke, ta zuba nata ta mayar. Ba a mayar da kwano wayam. Ba wanda ya rubuta dokar, amma macen da kwano ya fito daga ɗakinta ba komai, ta gama tona wa mijinta asiri. Ɗaki shida, kwano biyar ke nan kullum a kan kowace mace.

Zainabu ita ce baƙuwa a cikinmu. Daga Damagaram mijinta Illa ya kawo ta, doguwa, mai fararen haƙora, da jaririnta Sani ɗan wata huɗu, sa'an 'yata Hafsatu. Illa ba shi da aiki tsayayye. Da asuba yakan taka har Challawa ya tsaya a bakin get ɗin kamfanonin fata tare da ɗimbin irinsa, shugaban leburori ya fito ya nuna wanda ya nuna, sauran su watse. Da abubuwa suka tsuke, masu tsayuwa suka ƙaru, waɗanda ake nunawa suka ragu.

Ni da ita wasa muke yi, irin na Kanawa da Damagarawa. In ta fito da safe sai ta ce, "Bakanuwa, an kwan lahiya? Yau me za a sayar mana, gaisuwa ko murmushi?" Ni kuma in ce, "Ke da kika zo cin arzikinmu, rufe mana baki." A tabarma ɗaya muke shayar da 'ya'yanmu a inuwar katanga. A nan na fara ganin ƙashin wuyanta, na kuma ga zoben hannunta ya koma babban yatsa.

Na ce mata mai goyo fa an yi mata rangwame, ta ajiye azumin ta rama daga baya. Ta ce, "Mu ba ragwaye ba ne irinku."

To, sai na yi abin da zan iya. Malam yana aikin rana a watan, sai dare yake dawowa, yakan tafi da abin buɗa-bakinsa, don haka ni nake riga kowa sauke tukunya. Sauran ɗakuna kunu nake kai musu da ɗan ƙosai. Zainabu kuwa na ware mata alale, gwangwani shida kullum, da manja da albasa, abin da ko Malam biyu yake samu. Tun la'asar nake miƙa mata. Kafin magariba kwanona ya dawo da dambun gero ɗan kaɗan, da zogale, mai daɗin da har yau ban ci irinsa ba. Raina fari tas. Ina ganin na yi abin lada.

Ranar sha uku ga wata na leƙa ɗakin Larai aron rariya. Sai ga alalena a kwanon Zainabu, da hularsa.

"Rabi, zo ki ga ikon Allah," in ji Larai tana lashe baki tun ba a sha ruwa ba. "Badamagariyar nan ta iya alale. Ke da kike ta cika mu da kunu, sai ki je ki koya."

Na koma ɗaki zuciyata tana tafasa. Ni in hana mijina, in hana kaina, in tsaya a kan hayaƙin garin katako da azumi a bakina, ita kuma ta ɗauka ta rabar a yabe ta? Ko ƙyamar girkina take yi? Shaiɗan ya yi ta kawo mini zance, ni kuma ina karɓa, a cikin watan da aka ce an ɗaure shi. Ashe nawa a cikin raina yake.

Washegari ban kai mata kwano ba. Na bi ta ƙofarta na wuce zuwa ta gaba. Ta ɗago labule ta dube ni, na kau da kai.

A ranar ta daina karɓar kwanon kowa. Duk wadda ta je sai ta tare ta a bakin ƙofa da dariya, ta ce, "Ku riƙe abinku, abincin Kanawa ya fara ɓata mini ciki." Matan suka ɗauka wasan ne ya yi nisa, wasu suka ce girman kai ne. Kullum da la'asar muna jin dakanta a bayan ɗaki, dum, dum, muna ganin hayaƙinta yana tashi. Wa zai ce wani abu?

A kwanakin nan ne zafin ya sauko gaba ɗaya. Iska ta tsaya cak. Ƙadangaru ma sun daina hawa katanga. In ka taka siminti ba takalmi sai ka yi rawa, harshe ya manne a dasashi tun kafin azahar. Famfon gida ya ɗauke, rijiya ta koma laka, sai muka koma bin layi a wani famfo da masaƙar ta fito da shi ta jikin katanga, ana sakin ruwan da hantsi. Kwana huɗu ina ganin Zainabu a layin nan, Sani a bayanta, ba ta ce mini ba, ban ce mata ba. Na ji kukan yaron ya canza, ya koma siriri kamar na mage. Na ji da kunnena. Na ce a raina, ai uwarsa ta fi kowa iyawa.

Rana ta huɗu tana gabana da bokiti a ka. Muna shiga zaure sai na ga ta yi tangaɗi, ta kai hannu za ta dafa bango, hannun bai kai ba. Allah Ya sa ta gefe ta faɗi, ba ta bayan da yaron yake ba. Ruwan ya malale, ƙasa ta shanye shi nan take.

Ihun Larai ne ya fito da Iya Tabawa. Ta ce a kwance yaron, a kamo uwar a kai inuwa. Ta yayyafa mata ruwa har ta buɗe ido, sannan ta kafa mata moɗa a baki. Zainabu ta kau da kai, ta ce da azumi a bakinta.

"Azumin me? Allah bai ɗora miki ba, ke kika ɗora wa kanki. Sha, ko in ɗura miki kamar akuya!"

Ta sha. Iya ta shafa kan Sani, ta ji maɗigarsa ta faɗa. Ta sa hannu ta matsa ƙirjin uwar, ko ɗigo. Sai ta miƙe da sandarta ta shige ɗakin Zainabu ba sallama, ni ina biye da ita. Ta ɗaga murfin tukunya, ta ɗaga na kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Ba komai sai wani tsinkakken ruwa mai ƙasa-ƙasa a gindin tukunya. Dusa ce. Ita take dakawa kullum da la'asar, ta tace, ta ba Illa mai kaurin saboda tsayuwar bakin get, ita ta sha ruwan. A bayan ƙofa ga buhun geron da ta zo da shi daga gida, an kakkaɓe shi an ninke.

Iya ta juyo ta dube ni. "Ke ba goyo kike ba? Karɓi yaron nan."

Na ce, "Iya, ku bari Malam ya dawo in tambaye shi."

"Ya dawo ya tarar an ƙara masa ɗa ya fi ya dawo ya tarar ana haƙa rami. Zauna!"

Na zauna a dokin ƙofa na karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar zanin kawai aka miƙo mini. Da farko bai ma iya kamawa ba, sai da Iya ta ɗiga masa a leɓe. Can sai ya kama, ya ja da wani irin ƙarfi da na ji har cikin bayana. Yana sha yana ajiyar zuciya, ɗan hannunsa ya damƙe bakin mayafina. Hawayena na sauka a kansa, ban iya sharewa ba.

Da la'asar, bayan an ba Zainabu kunu mai zafi ta ɗan dawo hayyacinta, aka bar mu mu biyu. Ba ta kira ni Bakanuwa ba.

"Yaya Rabi, ki yahe mini. Wallahi ba raini ba ne."

Na ce ta yi shiru ta huta. Ta ƙi.

"In mun ci alalenki, mun ƙoshi sau ɗaya. In na raba shi a kwano huɗu, kwano huɗu za su zauna a ɗakina, mu sha ruwa da su, mu yi sahur. Ke kuma in yi miki dambu da ɗan geron da ya rage, tafi ɗaya kullum. Ke kaɗai ce kike cin girkina a gidan nan. Ranar da kika wuce ni, ba ni da abin sawa a kwanon kowa. In karɓa in mayar wayam, a ce Illa ya kasa?"

Na ce, "To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta dube ni da idanun nan nata da suka faɗa. "Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Har yau ban samo amsar ba.

Washegari da safe Iya Tabawa ta tara mu. Ta fito da wani babban daro, ta ajiye a bayan ƙyauren ɗakinta, ta rufe shi da tsohon zane. Ta ce daga yau an soke kwano a gidanta har Salla. Kowace mace za ta shigo ita kaɗai, ta sa hannu a ƙarƙashin zanen, ta zuba abin da take da shi, gero ne, wake ne, barkono ne. Wadda ba ta da shi ita ma ta shigo ta sa hannun ta fita. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya.

Larai ta ce, "Iya, ku ma harajin kuka kawo mana?"

"Harajin ne. Amma nawa ya san mai goyo."

Haka muka ƙarasa watan. Mu biyu masu goyo Iya ta hana mu azumi, takan kuma ɗebar mana saman tukunya. Wuta ɗaya ta rage mana garin katako, murfin mai ɗaya ya ishi miyar da da sai shida. Ba ƙoshi muke yi ba, amma ba wadda ta sake kwana da ruwan dusa. Malam da ya ji labari bai yi faɗa ba. Ya je ya tambayi limamin masallacin layinmu, ya dawo ya ce to, Hafsatu ta yi ɗan'uwa, babu aure a tsakaninsu har abada. Kwana tara ina shayar da Sani kafin nonon uwarsa ya dawo.

Bayan Salla Illa ya haƙura da bakin get. Ya ce gara su koma kafin ruwa ya sauka, ko gonar mahaifinsa ya samu ya share. Ranar tafiyarsu, an riga an fitar da kaya, Zainabu ta zo ƙofata da ɗan kwanonta na samira mai shuɗin baki, da dambu a ciki. Ban san inda ta samo geron ba. Na juye da sauri, ina dube-duben abin da zan zuba, mai mota yana ta danna ham a bakin layi.

"Riƙe shi, Bakanuwa," in ji ta. "In na dawo kya cika mini. Kuma ban da rowa."

Ba ta dawo ba. Na yi cigiya wurin 'yan Damagaram masu zuwa cirani har na gaji. Masaƙar ma ta daɗe da rufewa, jiniyar ta yi shiru, ciyawa ta fito a bakin get. Kwanon yana cikin kabad ɗina, duk gidan da muka koma da shi nake tafiya. A wani wuri akwai magidanci ɗan shekara talatin da wani abu wanda ɗana ne, bai san kamannina ba. Ina sa shi a addu'a tare da sauran.

Shi ya sa shekaranjiya, da Hajiya Kulu ta ce yarinyar nan ta iya alale, na ce, "Ƙwarai kuwa, ta iya."

Jiya da hantsi na sa mayafi na zaga gidan su Nusaiba. Na tarar tana wanki da wani ɗan guntun sabulu da bai kai ɗan yatsa ba. Ta shimfiɗa mini tabarma tana ta fara'a, tana cewa ai da na aiko ta zo. Na karɓi jaririyar na shafa kanta. Alhamdu lillahi, maɗigar lafiya lau.

Na ce, "Nusaiba, zauna nan. Yaushe rabon maigidanki da samun lodi?"

Ta ce, "Lafiya lau muke, Umma."

"Na sani. Yaushe rabonsa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Yau kwana tara," in ji ta.

Yau da safe na fito da darona na ajiye a bayan ƙyauren zaure, na rufe shi da zane. Na riga na bi gidaje biyar na layinmu na yi musu bayani, ban ambaci sunan kowa ba. Na ce tsufa ne ya kama ni, ba na iya bin kwanuka. Na zauna a tsakar gida da rediyona, matan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Kulu ta shiga, na ji zubar shinkafa, shaa. Matar mai walda ta shiga, na ji ƙwaran-ƙwaran ɗin wake a gindin daro. Sai na ji sallamar Nusaiba, a hankali, da takun silifas ɗinta ya tsaya a bakin ƙyauren.

A rediyo wani mutum yana ta rantsuwa cewa harajin ba zai taɓa talaka ba. Na kai hannu na ƙure masa murya, don kada kowa ya ji ko ta zuba ko ba ta zuba ba, har sai da Nusaiba ta fito.